Jan Fentin Da Na Sa Aka Fesa Wa Jitar Baba

Ba zan taɓa mantawa da la'asar ɗin da na tsaya a tsakiyar falon wasu Turawa a Dubai ba, na sha shaddata ta zuwa biki, na karkata hula, bakina har kunne, ina jiran a tafa mini a kan ɓarnar da na yi da hannuna. Akwai kunyar da in ta kwana biyu takan zama abin dariya, har ka riƙa ba abokai labari ana shewa. Tawa ba ta zama ba. Ina ba da labarin da 'yar dariya ne kawai don ban san wata hanyar da zan ba da shi ba.

Ni direba ne. Kafin in zo Dubai na daɗe a wani garejin sayar da motoci a Kano, inda aikinmu shi ne a kawo mota wadda ta sha duniya, mu wanke, mu cike ramuka, mu fesa fenti, mu goge, har wanda ya sayar da ita ya zo ya wuce ta bai gane ba. A can na kwaso cutar da ta jefa ni a wannan masifa: ba na iya ganin abu ya tsufa in ƙyale shi. A ɗakin da muke haya a Al Muraqqabat, inda gado ke kan gado, ni ne mai ɗaure hannun tukunya da waya, ni ne mai kwance fanka in wanke ko ba wanda ya sa ni. Abokan kwanana suna ce mini Injiniya, ni kuma ina amsawa da fara'a (sai daga baya na gane ba yabona suke yi ba).

Aikin da Allah ya ba ni shi ne tuƙa wata Baturiyar Ingila da ke aiki a wani kamfanin jiragen ruwa a Jebel Ali. Madam nake ce mata. Ba ta da kowa a gidan sai mahaifinta, tsoho tukuf, wanda ta ɗauko daga Ingila bayan rasuwar mahaifiyarta. Shi kuma na sa masa Baba, don bakina ba zai iya kiran sunan sa'an kakana gatsal ba, duk da cewa su haka suke yi. Baba yana fama da ciwon mantuwa. Akwai mai jinya da ke zuwa da safe ta tafi bayan azahar, to a hankali sai aikina ya juye. Madam ta koma tuƙa kanta, ni na koma kai Baba ganin likita da zama da shi har ta dawo.

Ban taɓa ganin mugun ciwo irin wannan ba. Mutum ne dogo, mai ladabi, ga tsabta, amma sai ya leƙa taga ya ga dogayen gine-gine da rana tana ƙuna, ya juyo ya tambaye ni wane gari ne wannan, kuma wa ya kawo shi. Wani lokaci ya dubi 'yar cikinsa ya gaishe ta kamar matar da ta zo karanta mitar wuta. Idan haka ta faru, Madam takan yi murmushi ta amsa gaisuwar, sannan ta shige kicin ta buɗe famfo ya yi ta zuba. Na jima kafin in gane ba wanke-wanke take yi ba.

Ita ta gaya mini cewa a zamaninsa Baba sananne ne, ya zaga ƙasashe yana kaɗa jita a irin kiɗan nan nasu mai ƙara da suke kira rok. Ni dai ban taɓa jin sunansa ba. Ranar da ta kunna mini wani tsohon faifansa a mota na yi ta gyaɗa kai saboda ladabi, a raina kuwa ina cewa wannan ai injin markaɗe ne ya samu matsala.

Jitar tana cikin wani baƙin akwati a jingine kusa da kujerarsa. Irin ta lantarkin nan ce, katako ne curi guda, da ƙarafa da wayoyi. Ranar da na fara ganinta sai da na ji tausayin gidan. Launinta ba za ka ce ja ba, ba za ka ce ruwan ƙasa ba. Ga ƙuna, ga ɓantarewa, ga tsaga, ƙarafan sun yi tsatsa. Da a juji na tsince ta, da sai na yi tunani kafin in sunkuya.

Kullum bayan ya sha shayin la'asar sai ya ce, "Miƙo mini ita." Sai ya ɗora ta a cinya, ya lumshe ido, ya fara bin tabunan jikinta da yatsa ɗaya bayan ɗaya kamar mai jan carbi. Da zarar yatsan ya sauka a kan tabo, labarin tabon zai fito tsaf babu gargada. Mutumin da bai san ko ya ci abincin rana ba, sai ga shi yana faɗa maka launin ƙofar maƙwabtansu na yarinta.

Yakan fara daga bayanta, inda aka ƙarta wasu haruffa da wuƙa. Sunan yayansa ne a taƙaice. An haifi Baba a wani gari na bakin teku a arewacin Ingila, bayan babban yaƙinsu ya lafa, lokacin da abinci ma sai an auna wa kowane gida. Ubansa lebura ne a tashar jiragen ruwa, uwarsa tana yi wa mutane wanki. Gidan ƙarami, makewayi a waje, ga sanyi mai shiga ƙashi (ni da nake zaton duk Bature a cikin daula ake haihuwarsa). Yayan ya shiga aikin jirgi, ya dawo daga wata doguwar tafiya da jitar nan a kafaɗa. Ya yi ta fama da ita ta ƙi shi, sai ya jefa wa ƙanensa a kan gado ya ce, "In ka iya, taka ce."

Daga nan yatsan ya haura can saman wuyanta, inda akwai wata baƙar ƙuna mai zurfi. Wannan aikin uban ne. Sai da ya roƙi manya kafin ya sama wa ɗansa gurbin koyon walda a tashar, yaro kuma ya riƙa zillewa yana tafiya gidan wani abokinsa mai kiɗan ganga, su shige ɗakin ajiye gawayi su yi ta hana unguwa sakat. Ranar da aka kore shi daga wurin koyon aikin, uban bai ɗaga masa hannu ba. Ya zauna ya sha tabarsa har ta kusa ƙarewa, ya jawo jitar, ya danna wutar a jikinta ya riƙe, sannan ya ce, "To, sai ka ci wannan." Baba yakan tsaya a nan ya yi ajiyar zuciya ya ce, "Dubi abin da ya yi mata."

Ɓantarewar da ke gefe kwalba ce. Wasansu na farko ke nan a gaban jama'a, a wurin shaƙatawar leburorin tashar. Mutane sun zo jin waƙoƙin iyayensu, sai ga wasu yara masu dogon gashi suna neman fasa musu kunne, wani ya wurgo kwalba. Ya ce da bai ɗaga jitar ba, da a fuska za ta same shi. Tsagar da ke ƙasa kuma ta ranar da tsohuwar motarsu ta zame a kan ƙanƙara a hanyar Landan ce, su da kayan kiɗan duka suka kife a rami. Haka suka isa Landan a wahalce, suna kwana a ƙasa a ɗakin wani, suna raba burodi, suna bin gidajen rawa ana korarsu, har wani ya ba su damar yin wasa a ranar da ba kowa ke zuwa ba. Cikin 'yan tsirarun da suka zo akwai mai ɗaukar faifai. Yayan bai ji faifan ba, jirginsu ya nutse kafin ya fito.

Na ƙarshe wani fili ne a fuskar jitar, inda gogar hannunsa ta cinye fentin tas har katakon ya fito yana sheƙi. Wannan ba shi da labari. Yakan ɗora tafin hannu a wurin, daga nan sai ya fara kaɗawa. Yatsun sun ƙage, kuma ba a jona ta da lantarki ba, don haka sautin kaɗan ne, amma wallahi ko ni mai zancen injin markaɗe sai in ji jikina ya yi sanyi.

Abin da ke biyo baya shi ne muhimmi. Idan ya gama, sai ya dawo hayyacinsa na kamar sa'a guda. Madam ta san haka, shi ya sa take baro ofis a guje don ta riski wannan lokacin. Tana buɗe ƙofa zai kira sunanta, ya tambaye ta aiki, ya tsokane ta a kan askin da ta yi. Wannan 'yar sa'ar ita ce duk abin da ya rage mata na ubanta, kuma ta jikin tabunan nan yake biyowa ya fito. Mai jinya ta sani, likita ya sani, ina jin ko kyanwar maƙwabta ta sani. Ni da nake zaune a gabansa kullum, ni kaɗai ne na ga wani abu daban.

Ga abin da na gani. Kafin ya mayar mini da ita in sa a akwati, kullum sai ya ce, "Da ma ka gan ta ranar da ya kawo ta. Ja wur, tana ɗaukar ido." Ni kuma ɗan gidanmu ne. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, bai taɓa buɗe baki ya ce wa ɗansa saya mini kaza ba. Idan Sallah ta matso, sai ya zauna a cikinmu ya juya takalminsa ya yi ta kallon ƙasansa, can ya ce, "Takalman yanzu ba su da ƙarko." Mai hankali a cikinmu ya san kasuwa ta kama shi. A wurinmu idan babba ya nuna maka yagewar rigarsa, ɗinki yake nema, kuma abin kunya ne ka bari sai ya faɗa. To ga tsoho kullum yana nuna mini ƙuna da tsaga, yana ajiyar zuciya, yana faɗa mini har launin da yake so. Na ce a raina, Baba, na ji ka.

Har hukunci na yanke wa Madam. Na ce dubi mata da aiki mai kyau, ga gida ga mota, amma ta bar ubanta yana rungumar tarkace, Turawa dai ba su san darajar iyaye ba. Na riƙa jin kaina wani ɗan halak da Allah ya jefo gidan don ya nuna musu tarbiyya. Gaskiya, Madam ta taɓa gaya mini cewa likita ya ce kada a canza wa Baba wurin komai da ya saba gani. Na riƙe wannan sosai, na ƙudurta cewa in na gama zan mayar da akwatin daidai inda yake.

Dama ta samu da ciwon ƙirji ya kama Baba aka kwantar da shi a asibiti, ana saura kwanaki bikin ranar haihuwarsa. Madam ta tare a can, ni ke kai-kawo da kaya, makullin gida yana hannuna. Na ga yatsunsa suna motsi a kan zanen gado yana barci, na ce a raina, yi haƙuri Baba, kwana kaɗan ya rage. Na ɗauki akwatin na nufi Al Qusais, wurin Ɗanlami, ɗan unguwarmu da ke feshin motoci a wani gareji.

Ya buɗe, ya dube ni. "Injiniya, wannan kuma daga wane juji?"

"Ta maigidana ce. So nake ta koma sabuwa dal. Ja za ka fesa."

Ya juya ta, ya shafa haruffan da ɗan yatsa. "Ka dai tambayi masu ita ko?"

"Haba Ɗanlami. In za ka yi wa tsohonka ɗinkin Sallah, shawara kake yi da shi?"

"Wannan fa rubutu ne, mutumina, ba ƙarzanewa ba ce."

"Cike shi da fila kamar ramin jikin mota. Yalla habibi, yi sauri, lokaci na ƙurewa."

Ya ɗaga kafaɗa. "Kalas, shi ke nan. Kai ka san mutanenka."

Ba zan ɗora wa Ɗanlami komai ba, sau biyu ya ja ni na fizge. Ya kwance ƙarafan ya jiƙa su a maganin tsatsa, ya kankare tsohon fentin, ya cike tsaga da ɓantarewa da haruffan. Ƙunar nan kuwa da na ga yana yi mata sanyin hannu, karɓar samfefa na yi na goge ta da kaina. Tana da zurfi, sai da na yi gumi. Ina gogewa ina jin daɗi, kamar ina rama wa yaron abin da ubansa ya yi masa. Aka fesa ja irin na motar 'yan gayu, aka bi da mai sheƙi, na je kasuwar Deira na sayo sababbin tsirkiyoyi aka ɗaura. Da ta bushe har fuskata nake gani a jikinta. Ma'aikatan garejin suka taru suna ɗaukar hoto, wani Bapakistane ya dafa kafaɗata ya ce masha Allah. Kaina ya ƙara girma.

An sallamo Baba ana gobe bikin, ya wuni yana barci, ba wanda ya nemi jita. Washegari da la'asar baƙi suka zo, ba su da yawa, abokan aikin Madam ne da wasu maƙwabta. Babban baƙo shi ne abokin nan mai ganga na ɗakin gawayi, wanda Madam ta sa ya taso takanas daga Ingila, tsoho da sanda, ya ɗaure farin gashinsa a ƙeya. Ya rungume Baba yana hawaye, Baba kuma ya ce masa ya ji daɗin saninsa. Tsohon ya share ido ya ce wa Madam, "Ba komai. Bari ya riƙe ta tukuna, za ki gani."

Bayan an yanka kek an sha shayi, Baba ya ce, "Miƙo mini ita." Madam ta yi mini alama da ido. Maimakon in miƙa, sai na ɗauko akwatin na tsaya da shi a tsakiyar falo na ce ina neman izini in yi magana (har yau in na tuna wannan wurin sai in ji kamar in ciji hannuna). Na yi jawabi da ɗan Turancina na direba. Na ce a ƙasarmu ba a barin uba ya roƙa. Na ce Baba ya daɗe yana neman wani abu, ba wanda ya saurare shi, amma Allah ya sa akwai mai kunne a gidan. Sannan na durƙusa na ɓalle akwatin, na ɗago ta sama da hannu biyu yadda fitila za ta haska ta.

Wata maƙwabciya da ba ta san komai ba ta fara tafi, da ta ga ita kaɗai ce sai ta bari. Madam ta dafa ƙirji ta yi murmushi, har idonta ya kawo ruwa.

"Sabuwa ka saya masa? Kai, ai da ba ka wahalar da kanka haka ba. Mun gode ƙwarai. To ɗauko masa tasa ya fara da ita."

Na yi dariya. Wallahi dariya na yi, har da ɗan buga ƙafa. "Madam, ai ita ce!"

Ban taɓa ganin murmushi ya bar fuskar mutum a hankali irin haka ba. Mai gangar ya dogara sandarsa ya matso, ya karɓe ta daga hannuna, ya juya bayanta, ya shafa, ya duba saman wuyan. Sai ya faɗi wata kalma da ba zan fassara ba, ya nemi kujera ya zauna. Ko a nan tunanina shi ne wataƙila jan bai yi daidai da na asali ba.

Baba dai hannunsa na miƙe yana jira. Ba yadda za a yi, aka ɗora masa ita a cinya. Ya lumshe ido, yatsansa ya tafi baya inda haruffan suke. Sumul. Ya haura wuya. Sumul. Ya gangaro gefe, ya bi ƙasa, ya sake komawa baya, ya yi ta lalube kamar mai neman makunnin fitila a ɗakin da ba nasa ba. Can ya buɗe ido ya yi irin murmushin da yake yi wa baƙi.

"Tana da kyau. Ta wace ce?"

Ya miƙo mini ita a hankali da hannu biyu. "Mayar wa mai ita, kada mu ɓata masa. Miƙo mini tawa."

Da mai hankali ne, da ya yi shiru a nan. Ni kuwa sai na matsa kusa da shi, gumi na bin bayana, na ce, "Baba, taka ce. Ja wur, kamar ranar da yayanka ya kawo ta."

Ya dube ni da kyau, ya dubi Madam, ya sake dubana. "Ina da yaya?"

Madam ta tashi ta shige kicin, muka ji famfo ya fara zuba. Baƙi suka riƙa sulalewa ɗaya bayan ɗaya, kowa na kauce wa idona. Ni kuma ina nan tsaye cikin shadda, rungume da jan abu mai sheƙi, na rasa inda zan ajiye shi, na rasa inda zan ajiye kaina. Na roƙi ƙasa ta tsage in shige, amma a hawa na sama muke.

Da kowa ya watse na tsaya a bakin ƙofa da makullin mota a hannu, ina jiran a ce in ajiye, a soke mini biza in koma gida. Har na fi son hakan. Madam ta fito idonta jawur, ba ta ɗaga murya ba, ta ce, "Me ya sa ba ka tambaye ni ba?" Na fara ba ta labarin mahaifina da takalminsa, ina yi ina jin yadda zancen ke fita daga bakina babu kai babu gindi. Ta saurara har na gama. Sannan ta ce, "Gobe ka zo da wuri. Ya saba da fuskarka, ba zan iya canza masa wani abu kuma ba."

Washegari kafin in je gidan sai da na biya Al Qusais. Na ce wa Ɗanlami a cire fentin, a mayar da ita yadda take. Ya ajiye abin feshinsa ya dube ni da tausayi.

"Fenti zai fita, Injiniya, wannan ba matsala. Amma abin da muka kankare fa? Ƙunar nan da hannunka ka cinye ta. Katako ba ya tsirowa."

Madam ma ta kai ta wurin wani gwanin gyaran kayan kiɗa, ya faɗa mata kusan haka da Turanci mai tsada. Daga baya ta gaya mini cewa likita ya ce ko ba jima ko ba daɗe ciwon zai cinye wannan sa'ar ma. Don ta sanyaya mini rai ta faɗa, matar da na yanke wa hukuncin rashin sanin darajar iyaye. Na gode mata, amma bai rage mini komai ba. Ciwon yana tafe a hankali, ni na je na ɗauko shi a mota.

Zaman da ya biyo baya shi ne hukuncina. Kullum bayan shayi ya ce, "Miƙo mini ita." In miƙa, ya lalube ta, ya yaba kyanta, ya dawo mini da ita ya ce in kawo tasa. Wata rana ya yi fushi ya ce an yi masa sata, wata rana ya yi kuka kamar ƙaramin yaro. Bayan wasu makonni ya daina tambaya. Yakan sha shayinsa ya zauna yana kallon bango, hannuwansa a kan cinya. Madam ta daina baro ofis a guje.

Rannan na kasa jurewa. Na ce ai na haddace labaran nan kaf, na san gurbin kowane tabo ko ido a rufe. Na ɗauko jitar na zauna kusa da shi, na kama yatsansa na ɗora a bayanta na ce nan akwai haruffa, na ba shi labarin yayan da jirgi. Na kai yatsan sama na ce nan akwai ƙuna, na ba shi labarin walda da taba. Ya ɓata fuska ya ce, "Wannan uban bai kyauta ba." Na ce a raina ko ya fara dawowa. Na ci gaba da kwalba, da ƙanƙara, da kwanan ƙasa a Landan, har faifan farko. Ya saurara tsaf kamar mai jin shiri a rediyo. Da na gama ya girgiza kai.

"Yaron nan ya sha wuya. Ya kuwa zama wani abu?"

Na ce, "Ya zama, Baba. Duniya ta san shi."

"Madalla," in ji shi. "In ka gan shi ka ce ina gaishe shi."

Muna haka Madam ta buɗe ƙofa. Ya yunƙura ya miƙe tsaye saboda ladabi, ya gyara wuyan rigarsa, ya tambaye ta wa take nema.

Darasin da na koya ba wani mai zurfi ba ne, kowa ya san shi tun yana goye: ka tambaya. Ni sai da na haura arba'in, na ƙetare teku, na raba tsoho da kansa, sannan ya shiga kaina. Yanzu ko maɓallin rigarka na ga yana reto, sai na tsaya na ce, "Malam, a gyara, ko akwai labari?" Mutane suna yi mini kallon mai taɓin hankali, ni kuma ina barinsu su kalla.